Kayan Ajiya a Shagon Malam Mijinyawa

Siddiƙa ta koyo wasan ne a Inugu, lokacin da take karatun aikin jinya tana zaune a gidan gwaggonta a unguwar Abakpa Nike. Wasa ne na baki da ƙwayar lido. Mutum ɗaya ke riƙe da labari, ya faɗi inda ake da abin da ido ke gani. Sauran kuma kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin, ya riƙa faɗin abin da mutumin nasa zai yi. In abin mai wuya ne sai a jefa ƙwaya. Ta faɗi da ɗigo da yawa ka tsira, ta faɗi da kaɗan ka ga ta kanka.

Da ta dawo gida Anacha ta fara aiki, sai ta koya wa yayanta Talha, mai sayar da albasa a kasuwar Ose Okwodu, da ƙawarta Hadiyya tela. Duk Lahadi bayan la'asar sukan shimfiɗa tabarma a baranda. Umma ta tsaya a kansu ranar farko ta ce, “In dai ba caca ba ce.” Da ta ga babu abin da ake ci sai gyaɗa, ta koma kicin.

Bayan wata biyu labaran dajin da Siddiƙa ke kawowa suka gundure su. Talha ya ce shi dai bai taɓa ganin kura ba, a kawo musu wurin da suka sani. Nan ne shagon Malam Mijinyawa ya faɗo mata a rai.

Shagon yana wani lungu a bayan Kasuwar Ochanja, tsakanin mai bokitan roba da mai walda. Tun tana yarinya take wucewa ta gabansa. Tsofaffin kaya ne a ciki: agogunan bango da kowanne ke faɗin nasa lokacin, fitilun ƙwai, dutsen guga na gawayi, faya-fayan garmaho. Waɗannan Malam yakan gyara ya sayar. Amma can ciki akwai wata kanta da aka lulluɓe da tsohuwar atamfa, da wani akwatin ƙarfe a ƙasanta. Duk wanda ya nuna wajen sai tsohon ya ce, “Ba na sayarwa ba ne,” ba ya ƙara komai. Shi kaɗai yake zaune a ɗakin bayan shagon, kuma ba mai yawan magana ba ne. Mutane sun daɗe suna 'yan ƙananan maganganu a kansa.

Siddiƙa ta ɗauki shagon yadda yake, har da sunan mai shi, ta ƙara masa gishiri. A labarinta akwai rediyon da ke karanta labaran gobe, da butar da ruwanta ba ya ƙarewa. Akwatin ƙarfen kuwa, in aka kira magariba, sai a ji ana ƙwanƙwasa shi daga ciki sau uku.

“Kin ɗora hannu a murfin,” ta ce wa Hadiyya da ƙaramar murya. “Ƙarfen da ɗumi kamar jikin mutum. Malam Mijinyawa yana tsaye a bayanki, ba ki ji zuwansa ba. Ya ce, ‘Mai shi bai mutu ba, yana ciki.’ Me za ki yi?”

Hadiyya ta ce za ta gudu. Ta jefa ƙwaya ta sami biyu, sai mayafinta ya sarƙe da ƙusa. Talha ya yi dariya har ya kwanta. Ashe duk wannan yana ɗauka a wayarsa. Da yamman nan ya tura wa zauren 'yan albasa na waya, da nufin su ma su yi dariya.

Wani a zauren ya yanke farkon da ƙarshen, inda ake jin dariya da ƙarar ƙwaya. Abin da ya rage muryar mace ce a natse tana bayanin abin da ke cikin shagon Malam Mijinyawa.

Ranar Laraba Umma ta dawo daga kasuwa ba ta ko ajiye jaka ba ta kira ta.

“Siddiƙa, muryar wa nake ji a wayoyin mutane?”

Ta kunna mata. Siddiƙa ta gane muryarta tun kafin jimlar farko ta ƙare.

“An ce wata nas ce ta shiga ta gani da idonta,” in ji Umma. “Mai tuwon da ke kai masa abinci ta daina. Jiya yara sun jefi ƙofarsa. Har matan Ibo masu kifi suna tambayata wai da gaske ne mutuminmu yana ajiye mutane a akwati. Akwai samarin da ke cewa ranar Juma'a bayan masallaci za su je a buɗe a gani. Tsohon nan da shi aka ɗauki gawar mahaifinku. Me ya yi miki?”

Siddiƙa ta miƙa mata wayar. Ta san yadda irin wannan magana ke ƙarewa a kasuwa in ta sami taro; ta taɓa ɗinke kan wani mutum da aka yi wa ihun ɓarawo na ƙarya. Ta rubuta wa zauren bayani ta wayar Talha cewa wasa ne, amma mutum uku kawai suka amsa, ɗaya ma cewa ya yi an tsorata ta ne ta janye.

Washegari da hantsi ta nemi wata ta riƙe mata aiki, ta sa Talha a gaba suka hau keke mai ƙafa uku zuwa Ochanja. Da suka shiga lungun suka tarar da shagon a rufe, ga tabon jifa a jikin ƙofar, ga ɓawon lemo da aka watsa a bakinta. Mai walda ya ɗaga gilashin fuskarsa ya ce musu tun jiya bai ga tsohon ba.

Siddiƙa ta ƙwanƙwasa. Shiru. Ta sake, ta yi sallama da ƙarfi. A ranta ta riga ta gama ganin tsoho kwance a ƙasa, hawan jini ya kayar da shi, ba wanda ya leƙa. Ta ce wa Talha ya zaga ta baya.

Kafin ya motsa aka zare sakata. Malam Mijinyawa ne, da 'yar shara da tabarau a kan hanci, hannunsa duk baƙin mai, yana riƙe da cikin wani agogo.

“Wa alaikumus salam. 'Ya'yan marigayi Sagiru ne? Ku shigo. Na rufe ne don masu leƙe sun hana ni aiki.”

Siddiƙa ta shiga, Talha na biye da ita. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi lafiyarsa, ya ce lafiya lau sai godiya. Daga nan ta faɗa masa komai, kanta a ƙasa. Talha ya ce laifin nasa ne, shi ya tura.

Tsohon ya goge hannu da tsumma. “Na ji shi ai. Liman ya kawo mini a wayarsa, mun saurara sau biyu. Na gane muryar gidanku ce. Abu ɗaya ne bai yi mini daɗi ba, 'yata.”

“Na'am, Baba.”

“An yanke shi a daidai inda yarinyar ta sa hannu a murfi. To me ya same ta?”

Siddiƙa ta ɗago ta dube shi. Ba alamar fushi a fuskarsa. Talha ya rufe baki da hannu.

“Baba, an jefi ƙofarka saboda ni.”

“An jefa. Kwana biyu kuma ina cin burodi da shayi, wannan kam da ciwo. Amma maganar nan ba ke kika fara ta ba, ta girme ki. Ke dai kin fi su iya faɗa ne. Da kin zo kin tambaye ni, da na nuna miki. Tashi ki gani.”

Ya yaye atamfar. A kan kantar akwai tasoshi, da wani keken ɗinki na hannu, da rediyo, da buta ta tagulla, da ƙunshin littattafai a cikin gafaka. Kowanne an ɗaura masa ɗan kwali da zare, an rubuta suna da ajami.

Ya ce lokacin da rikici ya tashi kafin yaƙin basasa, mutanensu Hausawa sun bar garin da abin da hannu zai iya ɗauka kawai. Maƙwabcin mahaifinsa, wani direban babbar mota mai suna Mazi Nwoye, ya bi ɗakunan da aka bari ya kwashe abin da ya samu, ya kai ƙauyensu ya ɓoye a rufin ɗaki. Da aka gama yaƙi mahaifin Malam na cikin waɗanda suka fara dawowa. Mazi Nwoye ya kawo masa kayan gaba ɗaya, ya ce shi ya yi nasa, saura a nemo masu su.

“Da yawa sun zo sun karɓa. Waɗannan su ne suka rage. Da Baba zai rasu ya ce kada in sayar, kada in kyautar. Ina da shekara ashirin da shida a lokacin.”

“Me ya sa ba ka taɓa faɗa wa mutane ba?” in ji Talha.

“Na faɗa a da. Sai aka fara zuwa ana cewa na kakana ne, ba a ko san sunan kakan ba. Sai na kama bakina. Manyan da suka sani kuma duk sun tafi, sai Liman.”

Siddiƙa ta tsuguna gaban akwatin ta karanta kwalinsa a hankali: Mero 'yar Awwalu mai goro. Ƙarfen da sanyi.

Ta roƙe shi ya bar ta ta ɗauki muryarsa yana faɗin abin da ya faɗa musu, ya karanta sunayen, ba tare da ya ce wane kaya ne na wane ba. Ya ce tsufa ya zo, ba shi da wanda zai bar wa, a ɗauka. Talha ya tura ko'ina da hannunsa, haɗe da lambar wayarsa. Ranar Juma'a Liman ya ƙara da nasa bayan sallah, a kan amana da kuma yaɗa abin da ba ka tabbatar ba. Samarin da suka yi niyyar zuwa ba su zo ba. Biyu daga cikinsu ne suka biyo da yamma suka goge ƙofar, kunya ta hana su shiga.

Ranar Lahadi a shagon aka yi wasan, bisa buƙatar mai shi, ƙofa a buɗe. Siddiƙa ta ce za ta sauya wa mai shagon labarin suna. Ya ce ta bar shi, amma shi ɓarawon da ya shigo ta taga yake so ya zama. Da aka ba shi ƙwaya ya juya ta a tafin hannu ya jefa, ta faɗi da ɗaya. Siddiƙa ta ce ƙafarsa ta zame ya faɗa kwata. Mai walda da mai bokiti da suke tsaye a bakin ƙofa suka yi ta dariya, mai tuwo ma da ta kawo kwano ta tsaya kallo har miyar ta huce.

Kwana tara bayan haka wata mata ta kira wayar Talha daga Fatakwal. Ta ce sunanta Kamila, kuma Mero 'yar Awwalu kakarta ce. Talha ya je shagon, Malam ya karɓi wayar ya tambaye ta me Mero ta bari. Ta ce akwatin ƙarfe ne shuɗi, kakarta ta sha ba su labarinsa har ta rasu, kuma a cikin murfinsa akwai ɗan madubi da ya tsage a gefe.

Ta iso ranar Asabar da rana, mace mai kimanin shekara arba'in, da mijinta. Siddiƙa tana wurin. Makulli ya daɗe da ɓata, sai mai walda ya yanke kwaɗon. Madubin yana nan da tsagarsa. A ƙasa akwai zane saƙi guda biyu, da kwanoni, da 'yan takalman yara na fata da suka ƙandare. Kamila ta ɗauki takalman ta ce na mahaifiyarta ne, tana nan da rai, idonta ne kawai ya yi rauni. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka ba sauti. Mijin ya yi ta godiya.

Malam Mijinyawa ya kwance kwalin da kansa ya miƙa mata, ya ce rubutun mahaifinsa ne, ta haɗa da shi. Talha da mijin suka ɗauki akwatin, tsohon ya bi su a baya har bakin titi inda keke ke jira, ya bar shagon a buɗe. Ya tsaya yana kallo har keken ya shige cikin motoci.

Da suka juyo ya ce wa Siddiƙa, “Ɗaya ya sauka daga wuyana.” Sannan ya tambaye ta ko a wajen aikinsu ana gwada ido, don tabaran nan sun fara yi masa gardama. Ta ce ya zo ranar Litinin da safe, za ta jira shi a bakin ƙofa.