Gwangwani Mai Barewa

Mai Shago yana durƙushe a ɗan ɗakin bayan shagonsa, hannu dumu-dumu da zuma, yana murza yankakken ganyen taba a cikin roba, sai wayarsa ta ɗauki ƙara. Da gwiwar hannu ya danna ta. Matarsa ce.

"Baban yara, kana tsaye ne ko kana zaune?"

"Ina durƙushe. Lafiya?"

"To ka zauna. Yaya Injiniya ya dawo daga tafiya, ya kawo wa Baba tsarabar mai barewa. Sabuwa dal, ko hatimin ba a ɓalle ba. Baba ya ce ka zo yanzu da ta wannan watan, zai gwada su biyun."

Mai Shago ya zauna daɓas a kan buhun sukari.

Mai barewa tabar lofe ce da ake shigowa da ita a gwangwani mai hoton barewa tana tsalle, kuma ba wanda ke wahalar da harshensa wajen kiran sunanta na ainihi. Ita kaɗai surukinsa ke sha. Tsohon sufeto ne mai duba ingancin kaya a kasuwa, ya ƙare ƙuruciyarsa yana shinshino jabu, har yau kuma ba ya sayen ko ashana sai ya kai ta hanci. Wata shekara dilan da ke kawo tabar ya daina. Mai Shago ya karaɗe gari, ƙafa har ta yi kanta, bai samu ko guda ba. Ranar da tsohon ya zo ya miƙo hannu, Mai Shago ya kasa ce masa "babu". Wa zai dubi mutumin da ya ba shi 'yarsa ya ce masa babu? Sai ya ce gobe.

Da goben ta yi, ya sayo ganyen taba mai araha, ya shinshina 'yar ragowar da ke wani tsohon gwangwani, ya haɗa da zuma da busasshen ɓawon lemo da ɗan kanumfari, shi da bai taɓa sa lofe a bakinsa ba. Na wata guda ne kawai, in ji shi, kafin dila ya dawo. Yaron da aka haifa musu a lokacin yanzu yana zuwa makaranta da ƙafarsa.

Abin haushin ma, ba shi da ma'auni. Da ido yake zubawa, wani watan zuma ta yi yawa, wani watan kanumfari ya hau kai. Amma kowane canji Baba yana da bayaninsa. In ta yi danshi ya ce, "Bana ruwa ya yi yawa a gonarsu." In ta yi yaji ya ce, "Sun ɗauki sabon ma'aikaci, zai koya." Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, to ta Mai Shago har jikoki ta yi.

Ya danna haɗin a gwangwani, ya wanke hannu da sabulu har fata ta yi fari, ya rufe shago da rana tsaka. A cikin motar haya duk wanda ya ja hanci sai gabansa ya faɗi. Ba kunyar kama shi da ƙarya kaɗai yake tsoro ba. Yana son tsohon nan, kuma ya san ranar da Baba ya gane an yi shekaru ana wasa da hancin da yake tunƙaho da shi, ba zai ƙara kiransa "ɗana" ba.

Ya tarar da su a falo. Baba yana kan kujerarsa ta gefen taga, ya jera lofe biyu a kan tebur kamar alƙali da shaidu. Injiniya ya harɗe ƙafa yana murmushin wanda ya kawo abin da ba kowa ke iya kawowa ba. Matar Mai Shago ta riga shi zuwa, tana tsaye da tiren shayi, ta ƙi yarda su haɗa ido.

Ya durƙusa ya gaida Baba, ya ajiye nasa gwangwanin kusa da sabon. Sai a lokacin ya ga bambancin da kyau. Barewar Injiniya tana sheƙi, tasa kuwa ta koɗe, ƙaho ɗaya ya goge.

Baba ya ɓalle hatimin sabon, ya cika lofe, ya danna da babban yatsa, ya ƙyasta ashana. Ya ja sau ɗaya, ya ja na biyu. Sai tari ya sarƙe shi, har hawaye.

"Injiniya, wa ka yi wa laifi a can?"

"Ban gane ba, Baba."

"Wannan ai tsohon takalmi aka ƙona aka zuba maka."

Ya kurɓi ruwa, ya cika ɗayan lofen da ta Mai Shago. Ya ja, ya lumshe ido, ya jingina da kujera, hayaƙi yana fita a hankali ta gefen gemu.

"Yauwa," ya ce. "Ga mai barewa."

Injiniya ya sauke ƙafa. "Haba Baba! A ƙofar kamfanin na saya, da hannuna. Ga hatimi kowa ya gani. Shi nasa ina hatiminsa?"

Kafin Mai Shago ya amsa, Baba ya riga shi.

"Shi yake ɓalle mini, saboda yatsuna sun yi sanyi," in ji Baba. "Kuma bari in gaya maka, duk aikin da na yi, ban taɓa ganin hatimi mai kyau irin na kayan jabu ba. Mai kayan kirki ba ruwansa da kwalliya."

Injiniya ya ɗauki tsohon gwangwanin ya juya gindinsa. "To dubi kwanan watan da ke jiki. Wannan ai ya girmi motata."

Ya girme ta kuwa. Gwangwani biyu ne kacal Mai Shago ke da su, yana juya su. In ɗaya ya ƙare, matarsa ta zo gaida iyayenta, ta faki ido ta jefa shi a jaka.

"Taba sai ta kwana biyu take nuna," Baba ya ce. "Kai boko ka sani, ba ka san taba ba."

Injiniya ya dubi gwangwanin, ya dubi ƙanwarsa da ta duƙufa tana juya shayin da ta riga ta juya, ya dubi mijinta da gumi ya jiƙa wa wuyan riga. Sai ya kai gwangwanin hanci ya daɗe yana shinshinawa.

"Ƙamshin lemo nake ji," ya ce a hankali.

Nan Mai Shago ya ji ya gaji. Ga bawan Allah ya yi ɗawainiya ya kawo wa mahaifinsa tsaraba ta gaskiya, an tsinka shi a gaban ƙanwarsa, duk saboda shi. Tausayi da kunya suka haɗu suka tura shi, ya gyara durƙuso.

"Baba, akwai wata magana da ya kamata in..."

Matarsa ta zo wucewa da tire, ta taka masa ɗan yatsan ƙafa da dukan nauyinta, ta ce, "Sannu, ban gani ba."

"Maganar me?" in ji Baba. "In ta tsadar kaya ce, ka bari sai na gama lofena. Kai kuma Injiniya, kada ka damu, an gode da tsaraba. Allah ya yi albarka. Kowa ana cutarsa a baƙon wuri, ni ma an taɓa sayar mini da agogon da ba komai a cikinsa."

Injiniya ya sake duban ƙanwarsa da mijinta. Can sai kafaɗarsa ta fara rawa, ya rufe baki da hannu, ya miƙe ya ce zai duba mota. Daga waje suka jiyo shi yana wani irin tari mai kama da dariya.

Da la'asar Mai Shago ya yi sallama, ƙafa tana zugi, zuciya ba ta gama komawa wurinta ba. Har ya kai ƙofa Baba ya kira shi.

"Ɗana, zo ka tafi da wannan sharar ka zubar, kada wani ya sha ya kwanta."

Ya dawo ya karɓi sabon gwangwanin da hannu biyu. Baba bai dube shi ba, yana ta faman ƙwanƙwasa lofe a jikin faranti, toka tana zuba.

"Tabar za ka zubar," ya ce. "Gwangwanin ka wanke ka riƙe. Waɗancan biyun sun gaji."