Jan Biro Ya Kama Hayar Gidansa

Ranar da mai hoto ya zo da fitilunsa, gidan ya daina zama na Jan Biro. A takarda nasa ne har gobe. Amma daga wannan rana, duk mai waya a hannu ya fi shi ikon kwana a ciki.

Jan Biro suna ne da aka laƙaba masa a maɗaba'a, inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa da idanunsa yana gyara rubutun mutanen da suka fi shi suna. Ko katin gayyata ka miƙa masa, sai ya nemo inda waƙafi ya faɗi kafin ya ce Allah ya sanya alheri. Matarsa kaɗai ta iya da shi. Ba gyara shi ta yi ba, ta dai san inda za ta daina saurare. Da ta rasu, ɗansu tilo ya zo da mota da fuskar tausayi, ya ce bai dace tsoho ya zauna shi kaɗai a hawa na uku ba. Ya kwashe shi zuwa gidansa na bayan gari, aka sauke shi a ɗakin baƙi, tsakanin keken motsa jiki da ba a taɓa hawa ba da akwatunan surukarsa.

"Na ɗan lokaci ne, Baba," in ji ɗan.

Ɗan lokacin ya yi ta hayayyafa.

Surukar ce ta fara cewa asara ce a bar gida a rufe a tsakiyar babban birnin ƙasa, ga ma'aikatu ta gabas, ga babban asibiti ta yamma. Ita ta nemo Manaja, wani mutum mai waya uku da murmushi ɗaya, wanda sana'arsa ba da hayar gidaje da kayansu a ciki ga masu zuwa birni su yi 'yan kwanaki: masu neman biza, masu bin fayil ofis-ofis, masu jinya, da waɗanda suka gaya wa iyalinsu sun tafi taron ƙara wa juna sani. Ta kawo takarda tun idon tsoho bai bushe ba. Ita ce takarda ɗaya tak a duniya da ya sa wa hannu bai karanta ba.

A wayar surukar ya fara ganin tallan. "Gidan marubuci, natsuwa a tsakiyar birni." Shi da bai taɓa rubuta ko littafin yara ba. Ya matso da hoton kusa da tabarau, sai ya ga abin da aka yi wa kantar littattafansa. An jera su bisa launi, ja da ja, shuɗi da shuɗi. Babban ƙamus ya zama maƙwabcin littafin kiwon kaji, don kawai Allah ya haɗa su da jan bango.

Daga nan ya sami sabon aiki. Kowace safiya bayan shayi sai ya karanta ra'ayoyin baƙi, yadda tsofaffi suke karanta sanarwar rasuwa. "Gado mai laushi, amma littattafan suna warin tsufa. Tauraro huɗu." "Babu lif, sai matakala. Tauraro uku." Wata ta yaba taga. Wani ya ce ruwan wanka ba ya zafi da wuri. Jan Biro ya san dalili, ya san magani, babu wanda ya tambaye shi.

Gida yake so ya koma, shi ke nan. Ya sha ɗauko maganar a wurin cin abinci, amma kafin ya kai tsakiya ɗan zai ciro waya.

"Baba, kalandar a cike take har ƙarshen shekara. In muka soke wa mutum ɗaya, taurarinmu za su zube."

"Su zube mana. Na sama ma suna faɗowa, duniya ba ta tashi ba."

"Kai, Baba, kullum da ban dariya," in ji surukar, ta turo masa farantin kankana.

Da ya ga masu gida ba su da hanya sai baƙi, ya yanke shawarar shiga a matsayin baƙo. In ya shiga kuwa, sai dai a ɗauke shi da kujerarsa. Ya nufi wurin tsohon abokinsa Mai Kemis, wanda ya fi shi iya waya da kuma rashin kunya.

"Tsaya in ji da kyau," in ji Mai Kemis. "Hayar gidanka za ka kama?"

"Haka zamani ya ce."

"Kai dai tun muna yara ba ka bin miƙaƙƙiyar hanya. Ka kira yaron nan ka daka masa tsawa mana."

"Tsawa ba ta shiga kalanda. Danna."

Mai Kemis ya danna. Aka yi sa'a wani ya fasa zuwa, gurbi ya buɗe a wata mai kamawa. Manhajar hayar ta nemi hoton katin shaida, ta nemi fuskar Jan Biro yana kallon hagu, yana kallon dama, yana ƙifta ido. Sannan ta tambayi dalilin ziyara: aiki, jinya ko shaƙatawa.

"Wanne zan sa maka, tsohon banza?"

"Sa shaƙatawa. Ban taɓa gwadawa ba."

Aka ce ya amince da dokokin gida: ba shan taba, ba tara jama'a, ba motsa kayan ɗaki. Wannan karon ya karanta su tsaf, ya amince, da niyyar karya ta ƙarshen. Cikakken sunansa ya sa, wanda yake jikin takardar mallakar gidan. Babu wanda ya lura. A ofishin Manaja ba a karanta suna, lamba ake karantawa.

Da ranar ta zo, ya ce wa ɗansa zai je ya kwana biyu wurin Mai Kemis, ya ɗauki jaka ya hau tasi.

Ƙofarsa ba ta da ramin makulli yanzu, sai wani ɗan allo mai lambobi. Ya danna waɗanda aka turo masa, ƙofa ta yi kukan tsuntsu ta buɗe. Bai ajiye jaka ba wayarsa ta yi ƙara: "Barka da zuwa, babban baƙonmu! Ka ɗauka gidanka ne."

"Na gode da izini," ya ce wa wayar.

Gidan yana ƙamshin lemon tsami na kwalba. An sauke labulen da matarsa ta ɗinka, an rataya wasu masu launin toka irin na ofishin haraji. Inda hoton aurensu yake, yanzu zanen wata gada ce ta ƙasar da babu wanda ya taɓa takawa a danginsu. A kicin kofi biyu, faranti biyu, cokali biyu, da wuƙar da ko tumatir ba ya tsoronta. Ko'ina an manna 'yan takardu masu kwalliya suna koya masa gidansa: ga yadda ake kunna murhu, a juya famfo a hankali. A ƙarshen lungu akwai kabad da kwaɗo, an rubuta a jiki: "Kayan mai gida. Don Allah kada a taɓa." Ya daɗe tsaye a gabansa. Bai taɓa ba. Shi mutum ne mai girmama rubutu.

Littattafai ya faɗa wa. Ya sauke su duka ƙasa, ya mayar da tarihi wurin tarihi, waƙa wurin waƙa, ya raba ƙamus da kaji. A cikinsu ya tarar da baƙin fuska, wasu manya masu rubutun zinariya da bai san su ba. Ya buɗe ɗaya, ashe kwali ne, cikinsa iska. An sayo su ne don shuɗi ya cika layi. Ya tara su a bakin ƙofa. Ya jawo kujerarsa daga kusurwar da mai hoto ya ga ta fi kyau, ya mayar da ita jikin taga. Wayar kuwa ba ta huta ba. "Muna fatan kana jin daɗi!" "Kana bukatar ƙarin tawul?" Tun da aka haife shi ba a taɓa damuwa da tawul ɗinsa haka ba.

Ranar fita saƙo ya zo da safe: a fita kafin rana ta take, a bar tawul a banɗaki, kada a manta da taurari. Ya yi wanka, ya sa rigar da yake zuwa aiki da ita a da, ya haɗa shayi, ya zauna. Jawabin da zai yi wa ɗansa yana nan a kansa a shirye, da gabatarwa da hujjoji da kammalawa.

Lokaci na wucewa Manaja ya ƙwanƙwasa, ya shigo da murmushinsa a gaba. Bai taɓa ganin tsohon ba.

"Yallaɓai, lokaci ya ɗan gota. Masu shara suna ƙasa, wani baƙon kuma ya taso daga filin jirgi." Sai idonsa ya faɗa kan kanta, murmushin ya yi tuntuɓe. "Yallaɓai, wa ya taɓa littattafan nan?"

"Wanda ya karanta su."

"Ai ba na karatu ba ne, na ado ne. Yanzu gidan ya saɓa da hoto. Baƙo ya zo ya ga ba abin da ya gani a waya ba ne, shi ke nan, tauraro biyu."

"To a sake hoton."

"Haba yallaɓai. Gida ake gyarawa ya koma hoto."

"Ba inda za ni. Kira mai gidan."

"Ba ma son damun masu gida da ƙananan..."

"Kira shi. Ni ma ina son ganinsa. An ce mutumin kirki ne."

Manaja ya fita baranda da waya a kunne. Tsohon yana jiyo shi: akwai wani dattijo ya ƙi fita, ya hargitsa ado, da alama kansa ba daidai ba, a zo a lallaɓa.

Ɗan ya iso yana haki, katin ofis na lilo a wuyansa. Yana shigowa ya yi turus.

"Baba?"

"Shigo mana. Ka ɗauka gidanka ne."

Manaja ya dubi wannan, ya dubi wancan. Nan take murmushin ya miƙe tsaye. "Ikon Allah! Baba, ai da ka faɗa. Masu gida suna da rangwame."

Ɗan bai kula shi ba. Ya durƙusa gaban kujerar. Ya kalli kantar, ya kalli inda kujerar ta koma, sai fuskarsa ta sake, ya koma yaron nan da yake kwanciya rub da ciki a wannan daɓen yana aikin makaranta. Ya kashe wayarsa, abin da uban bai taɓa ganin ya yi ba, ya kife ta a ƙasa.

"Baba, gaya mini. Me kake so? Wallahi duk abin da ka ce, shi za a yi."

Jan Biro ya buɗe baki, ya laluba gabatarwar jawabinsa, babu ita babu alamarta. Abin da ya taso masa daga ƙirji ba shi da gabatarwa, ba shi da hujja, ga kuma Manaja a tsaye, ga masu shara sun leƙo da bokiti. Mutumin da ya tsufa yana nuna kuskuren wasu bai koyi yadda ake roƙo ba. Bakinsa ya bi hanyar da ya saba.

"Labulen nan," ya ce, "ko a ɗakin ajiye gawa an fi haka fara'a."

Manaja ya zaro waya. "Labule. An rubuta, Baba."

"Wuƙar kicin ba ta yanka. Ruwan zafi kuma, sai an buɗe famfon kicin tukuna, sannan na wanka ya jawo."

"Kai! Tun yaushe muke fama da ƙorafin nan!"

"Littattafan kwali kuwa abin kunya ne."

"Yau za su bar gidan. Maganar gaskiya ma, Baba, jerin nan naka ya fi kama da na marubuci na ainihi. Zan karya doka in sa mai hoto ya dawo. A rubuta a ƙasa, mai gidan ne ya jera da hannunsa. Baƙi suna mutuwar son irin wannan."

Ɗan ya sauke ajiyar zuciya, kafaɗunsa suka saki. Ya yi dariya har da goge ido.

"Baba, ka tsorata ni wallahi. Na ɗauka wani babban abu ne. Ashe duba mana aiki ka zo yi." Ya ɗauki wayarsa ya kunna.

"A riƙa kawo mana Baba yana zagayawa," in ji Manaja. "Irin idonsa ba a samu yanzu."

Daga nan komai ya tafi da sauri, yadda aikin ƙwararru yake tafiya. Aka yaye zanen gado. Aka ɗauke kofinsa da sauran shayi a ciki. Ɗan ya rataya jaka a kafaɗa, ya riƙe gwiwar hannun uban, yana cewa a hankali, Baba, a hankali. A matakala suka yi kiciɓis da sabon baƙo, wani mai kwat yana jan akwati yana waya. Ya matsa musu ba tare da ya dube su ba, ya ci gaba da hawa.

A mota ɗan ya yi ta hira cikin farin ciki, yana tambaya ko labule ruwan ƙwai ko kore ya fi dacewa da falo. Da danja ta tsayar da su, Jan Biro ya juyo ya sake buɗe baki. Wayar ɗan ta yi ƙara, daga ofis ne, ya ɗaga masa yatsa alamar ya ɗan dakata. Ya dakata. Danja ta saki, mota ta ja, hira ta koma kan wani taro na gobe.

Maganar ba ta da tsawo. So yake ya ce: a gidanku, in na yi shiru, na san mahaifiyarka ta mutu. A gidana kuwa, in na zauna jikin taga, sai in ɗauka tana ɗaya ɗakin ne, tana ninke kaya.