Gurbin Malama Lucia

Shekarar da na ajiye aikin reluwe, 1989, iyayen yara suka ɗora mini shugabancin ƙungiyarsu a firamaren unguwarmu a Kafanchan. Ba don boko ba, a aji uku na tsaya. Na dai san ƙofar gidan kowa.

Malama Lucia ce ke riƙe da aji ɗaya. Tana da ƙwazo, amma abin ya fi ƙarfinta. Yara cike da aji suna rera "wan, tu, tiri" kamar mawaƙan coci, in ka zube musu gyaɗa ka ce su ɗauko huɗu sai su tsaya kallonka.

"Baba Kumai, ni ma haka aka koya mini," in ji ta. "Ina so wani ya nuna mini wata hanya."

Sai ga kwas a Zariya lokacin hutu, na koya wa ƙananan yara lissafi, mutum ɗaya daga kowace makaranta. A wurinmu kuwa ba a duba aikin mutum wajen rabon kwas, girma ake bi. Ya faɗo kan Malam Simon na aji shida, wanda zai yi ritaya a Disamba.

Na sami hedimasta Meshak a gida. Ban yi masa zancen adalci ba, na san mutumina.

"Sa, wane aji ne a bakin get?"

"Aji ɗaya."

"To in infeton makarantu ya sauka daga babur, ina zai fara leƙawa?"

Ya yi dariya har da tari. "Kai tsohon nan! Shi ke nan, Lucia ta tafi."

Na kai mata albishir, sai ta sunkuyar da kai.

"Baba, Malam Simon ne ya riƙe hannuna na rubuta sunana. Dattijo ne a ikilisiyarmu. Ran Lahadi da wane ido zan gaishe shi?"

"Da wanda kika saba, 'yata."

Na yi lallashi, na yi faɗa, ta ƙi. Simon ya tafi.

Da ya dawo muka je gaishe shi tare.

"Kai, sun riƙe mu da kyau! Shayi har da madara."

"Me suka koyar, Baba Malam?" in ji Lucia.

"Wasan yara ne. Marafen kwalba, tsinken tsintsiya a ɗaure goma-goma. Wata mata ta ce mu zauna a ƙasa. Ni da gwiwar nan? Na koma benci can baya."

"In an ɗaure tsinken, sai a yi yaya?"

Ya daɗe yana sosa kai. Ba mugun mutum ba ne, ya so ya tuna.

Lucia ta bi shaguna ta tara marafe, ta gwada da ka. Yara suka yi ta jifan juna da su, malamin ajin kusa ya kai ƙarar surutu, aka ce ta bari.

A Janairu Simon ya koma gonarsa ta citta. Aji shida ba malami, aka ba Lucia, wai an ɗaga ta. Malamai suka yi ta yi mata barka. Da muka haɗu a bakin kasuwa ni ma na ce barka. Ta ce, "Na gode, Baba," ta gyara jakarta, ba ta tsaya hira ba.