Rabin Ganga

Ramatu ta danna tafin hannunta a kan igiyar ɗan ƙaramin angarib ɗin, igiyar ta lotsa ta dawo. Duk faɗin kasuwar Managil babu abin da ya tsayar da ita sai wannan gadon igiya da kafinta ya saƙa don jarirai. Cikinta ya shiga watan haihuwa. Tun ranar da kunama ta harbi ɗanta na fari a kan tabarma, ya rasu bai ko fara rarrafe ba, ta yi wa kanta alkawarin cewa abin da za ta sake haifa ba zai kwanta a ƙasa ba.

Mijinta Almu ya tambayi kuɗi. Da kafinta ya faɗa, sai ya yi 'yar dariya, ya ce igiyar ba ta yi masa ba, ƙafafun ma kamar ba su daidaita ba. Almu ke nan, bai taɓa rasa kuɗin abu ba, kullum abin ne ke da aibu.

"Taho mu tahi, Ramatu," ya ce. "Zan samo miki wanda ya hi wanga."

*

A kambo suke zaune, 'yan bukkokin da masu cirar auduga ke yi a bakin tur'a, babban lambatun da ke shayar da gonaki. Ƙasar ba tasu ba ce, aron wuri aka ba su. Duk shekara jirgin sama kan zo ya yi wa auduga feshi, a tara gangunan maganin da suka ƙare a bayan sito, a ce kada kowa ya taɓa. Ba wanda ya taɓa gaya musu dalili. Su kuwa sun saba da doka marar dalili: kada ku yi ginin bulo, kada ku haƙa rijiya, kada ku kai auduga gida ko da cikin tafi ne. Sai suka ɗauka wannan ma rowa ce irin ta masu abu.

Almu da maƙwabcinsa Falalu suka faki ido suka mirgino ganga ɗaya, maƙeri ya tsaga musu ita a tsaye, kowa ya ɗauki rabi zai yi gadon jariri, don matar Falalu, Ma'u, ita ma tana da ƙaramin ciki. Almu ya dirje nasa da yashi, ya dandaƙe bakin, ya ɗora shi a kan duwatsu. Ya nuna wa Ramatu santsinsa, ya ce in kunama ta iya hawa nan to ta cancanci sarauta. Akwai wani ɗan wari mai hawa ka, amma ya ce rana za ta cinye shi.

Shimfiɗa kuwa Ramatu ce ta yi. Matar da ke wuni tana cika buhunan wasu da auduga, sai da ta riƙa ɓoye ɗan dunƙule a ƙugun zanenta kullum kafin ta tara abin da ya cika 'yar katifa. Ta ɗinke ta da zanen aurenta.

Ta haifi mace, aka sa mata Rabi'atu. Ba a daɗe ba gadon ya yi suna. A kambon da ƙuda ke bin idon kowane yaro, ita ko ɗaya bai sauka a kanta ba, da safe ma sai a share matattun sauro a gefen katifar. Haboba Dije, tsohuwar da ke tsaron jarirai idan an tafi gona, ta ce wannan yarinya da albarkarta ta zo. Ramatu ta ji daɗi har cikin ranta, ta fara yi wa Almu kallon mai dabara.

Ba ta yi arba'in ba ta koma gona. Auduga ta ƙara buɗewa, mai gona kuma ya aiko cewa in hannun gidan Almu bai isa ba akwai masu jira. Sai Rabi'atu ta riƙa wuni a cikin ƙarfen, a bukkar da rana ke gasawa.

*

Da fari ƙin nono ta yi. Daga nan sai dalalar yawu, da gumi, da 'yan yatsu masu karkarwa ko tana barci. Dije ta yi turare, aka karɓo rubutu, abin bai sauya ba. Suka ɗauke ta zuwa ɗakin shan magani na ƙauyen da ke gaba.

Hakim, mai ba da magani, ya buɗe idon yarinyar ya daɗe yana dubawa. Sannan ya tambaya da Larabci: ina take kwana? Ko akwai wani abu na maganin feshi a gidan, buhu ko barmil, wato ganga?

A kan bencin da ke bayansu, samad Jibirin ne zaune yana jiran a wanke masa gyambo, shi ne mai sa ido a kan gonakin da suke aiki. Bara a gabansa aka kori wani gida daga kambo saboda audugar matashin kai.

"La, ya hakim, babu," in ji Almu. "Jikin uwatta take kwana."

Ramatu ta ji tambayar sarai, ta kuma gane abin da ke bayanta. Ta so ta faɗi gaskiya. Ta tuna ganga, ta tuna katifa, ta tuna ba su da inda za su nufa da tsohuwar uwar Almu. Ta dubi mijinta, sai ta bar maganarsa a yadda ya faɗe ta. Hakim ya ba su maganin zazzaɓi, ya ce in ta yi tsanani su kai ta babban asibiti. Mota kuwa sai ranar kasuwa.

Suna isa gida ta ɗaga katifar. Ƙasanta ya rine da wani maiƙo rawaya wanda zafi ya tsatso daga haɗin ƙarfen. Ta goya 'yarta, ba ta ƙara sauke ta ba ko a gona. Rabi'atu ba ta kai ranar kasuwa ba.

*

Almu ya daina barkwanci. Ramatu ba ta yi masa gori ba, don ta san da shi da ita bakin kowa ya rufe a gaban hakim, kuma wannan ne ya fi ci mata rai. Ta so jefa gangar a tur'a, ta tuna daga nan kowa ke sha. Sai ta kife ta a bayan bukka.

Da Ma'u ta sauka, namiji, Ramatu ta shiga wurinta da sassafe kafin a fita gona. Ɗaya rabin yana nan a kan duwatsu, an yi masa shimfiɗa. Ta durƙusa ta gaya mata komai da ƙaramar murya, har tambayar hakim.

Ma'u ta saurara, idonta ya cika da ƙwalla. Ta ce nasu da sabulu Falalu ya wanke. Ramatu ta ce ba ya wankuwa.

"Na ji, Yaya," in ji Ma'u. "To ina zan aje shi in na koma gona? Ƙasa? Ke kin san abin da ke ƙasa."

Ramatu ta tuna kunamar da ta harbi ɗanta. Daga bakin tur'a aka busa usur ɗin fita aiki. Ma'u ta daɗe rungume da yaron, sannan ta kwantar da shi a hankali, ta ja masa mayafi.

Haboba Dije ta leƙo daga ƙofa, tana korar ƙudajen da suka rufe ƙwaryar kunun mai jego.

"Masha Allahu," ta ce. "Wanga ma ƙuda bai taɓa shi."