Ɗigon Jan Farce

Lawali direba bai yarda da bakanike ba, kuma in za a bi gaskiya, ba shi ya fara ba. Tsohuwar akori-kurarsa, da yake jigilar hatsi da ita daga Kucheri da Tsafe zuwa kasuwar Gusau, ita ce gonarsa, ita ce rumbunsa. A shekarun nan na wahalar mai, da 'yan bumburutu ke gauraya fetur da kalanzir, ba ta cika mako biyu ba ta kama tari ba. Wani bakanike a Tsafe ya zare mata sabbin fulogai ya sa tsofaffi. Wani a Gusau ya kwance mata kafireta sukutum, ya ɗaura wata gajiyayya, har da bin Lawali da "Allah ya kiyaye hanya." Da kyar ya samo wata mai kyau. To, wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Da motar ta sake shaƙewa, Jatau, abokin lodinsa a tasha, ya ce masa, "Tahi Bunguɗu wurin Malam Buba. Wanga tsoho, ko allura ka mance cikin mota sai ya biyo ka da ita."

Lawali ya ce to, amma a ransa cewa ya yi an daina cin sa. Ya karɓi jan farcen matarsa Shafa'atu, ya ɗiga wa kafiretar alama nan da can, tana tsaye da kwalbar a hannu tana masa dariya. In aka musanya, zai gane.

Ya iske Malam Buba a gindin wata bishiyar bedi kusa da tashar Bunguɗu, tsoho siriri, sifanoninsa jere a kan buhu. Ya kara kunne ya saurari injin, ya gyaɗa kai.

"Dauɗa ce ta sha, ba wani abu ba. Tahi ka yi azahar, ka ci abinci, ka dawo."

Da ya dawo, motar tana rufe, tsohon yana goge hannu. Gefensa ga wata tasa da ragowar fetur baƙi ƙirin, da ɗan buroshi a ciki. Lawali bai ko ce sannu da aiki ba, ya ɗaga murfin inji. Kafireta ce fes, tana ƙyalli. Ya duba sama, ya duba gefe. Babu ja ko ɗis. Nan take duk cutar da aka taɓa yi masa ta dawo masa sabuwa.

"Ina kafiretata?"

"Ga ta nan gabanka, Malam Lawali. Wanke ta niy yi, ba ni maida abu da dauɗa..."

"Ɓarawo!"

Wanda ya san tasha ya san wannan kalma ba ta komawa baki. Kafin ka ce kwabo, 'yan kamasho da masu dako da masu jiran mota sun yi dafifi, kowa da tasa tsohuwar cutar da wani bakanike ya yi masa. Lawali yana ta bayanin alamar da ya sa, ana jinjina masa wayo. Malam Buba ya nuna tasar yana so ya yi magana, Lawali ya sa ƙafa ya yi fatali da ita, fetur ɗin ya bi ƙasa. Aka ce tsohon ya fito da abin da ya sace. Ya nuna cikin mota. Wannan ya ƙara tunzura su, wai har yanzu rainin hankali yake yi. Wani ƙato ya danne wa tsohon hannun dama a kan dutse, ya ɗauki babban sifana daga kan buhun, ya sauke masa a yatsu. Lawali ya ji ƙarar, kuma abin kunya, a lokacin daɗi ya ji.

A hanyar Gusau motar ta yi ta tafiya sumul, ba tari ba gargada, yadda ba ta taɓa yi ba tun da ya saye ta. Bai bar kansa ya yi tunanin dalili ba.

A gida ya zauna cin abinci yana ba Shafa'atu labari, yana ƙara gishiri. Ta saurara, sannan ta ce, "Har da wanda kas sa daga ƙasa ya ɓace?"

Lomar da ke hannunsa ta tsaya. Ya manta da na ƙasan.

Da safe ya ɗauki ƙaramin madubinta, ya zura shi ƙarƙashin kafiretar. Can cikin lungu, inda buroshi bai kai ba, ga ɗigon nan ja wur. Tasa ce. Wanke ta kawai tsohon ya yi, da fetur ɗinsa, a lokacin da ake kwana a layi kan galan guda.

Yana nan sunkuye sai ga sallamar Jatau. Ya yi maza ya tura madubin aljihu.

"Na ji abin da yaf faru," in ji Jatau, kansa a ƙasa. "Mai ɗori ya ce yatsun ga ba su ƙara riƙon sifana. Mutane duk sun janye motocinsu daga wurinshi. Ka gahwarce ni, Lawali, ni nit tura ka. Shekara ashirin ina kai mai mota, ashe ban san shi ba."

Magana ɗaya ta isa: zo ka gani. Lawali ya hango tashar Bunguɗu, ya hango bakunan da suka yaba wayonsa jiya, da abin da za su kira shi gobe. Tsoro ya fi kunyar ƙarfi.

"Ba komi," ya ce. "Mutum ai sai Allah."

Da Jatau ya tafi, ya zura makullin mota cikin lungun, ya yi ta kankara har madubin ya daina nuna masa ja. Ya shiga ya murɗa. Bugu ɗaya ta tashi.