Dutsen Gwamna

A tsibirin nan ba da takarda ake kiran mutum gaban shari'a ba. Gwamna kan ɗauki guntun baƙin dutse, irin wanda ake rufin ɗaki da shi, ya zana alamarsa da ƙusa, ya ba ɗan aike. Duk wanda aka miƙa wa dutsen, ko yana tsakiyar yankan sha'ir ne, sai ya ajiye lauje ya amsa kira.

Ranar Laraba da hantsi Illiam Faragher, ɗan aiken Gwamna, ya kawo wa Ealish Kinrade nata. Ya same ta a ƙofar gida tana jera kifi a ganga tana barbaɗa gishiri.

"'Yar gwaggo, wanke hannu, na zo miki da tsaraba."

"Tsarabarka ba ta taɓa ƙosar da kowa ba, Illiam. Ajiye a kan ganga."

"Kin san ba a ajiyewa. Hannu da hannu ne."

Ta goge hannunta, ta karɓa.

"Juma'a da ƙarfe goma, a fada," in ji shi. "Ke mai jirgi, da ƙanenki Finlo mai tuƙa shi."

"Ƙarfe goma. Daidai lokacin da ruwan teku ke cika ke nan. Mu kaɗai?"

"Ku huɗu ne. Ke, da Gilrea Teare, da wasu biyu."

"Wato duk wanda jirginsa ke ɗauke da kaya."

"Daga bakinki ya fito, ba nawa ba."

"Me ya ce da zai ba ka?"

"Ya ce in miƙa kawai, kada in roƙi kowa." Illiam ya ɗauki kifi ɗaya ya shinshina. "Gishirinki ya yi kaɗan."

"Je ka gaya wa Gwamna, ya aiko mini da wani dutsen."

Ba wanda bai san abin da ke tafe ran Juma'ar nan ba. Ubangidan tsibiri, wanda gidansu ke riƙe da shi tun kaka da kakanni, ya sayar wa Sarkin Ingila da mulkin. Da tsakar rana za a sauke tuta a ɗaga wata. A ƙarƙashin tsohuwar tuta, ganyen shayi da barasa da taba kan shigo tashar jiragen ruwa ido na ganin ido, a ba Ubangida rabonsa, sa'an nan ƙananan jirage su tsallaka da su gaɓar Ingila ta bayan idon 'yan kwastan. Can suna kiran abin fasa-ƙwauri, nan kuwa sana'a sunansa. Daga tsakar ranar Juma'a, jirgin da aka samu da irin kayan nan za a ƙwace shi, a sa zarto a raba shi gida uku.

Jirgin Ealish sunansa Ushag. Marigayi mijinta ne ya sassaƙa shi, kuma ban da shi ba ta da gona, ba ta da saniya. Tun Litinin yake cike da shayi, iska ta ƙi juyowa. Tsofaffi sun ce sai ranar Juma'a za ta juya. Bakin tashar kuwa yashi ne da duwatsu, jirgi mai kaya ba ya ƙetare shi sai ruwa ya cika. Sauke kayan ma ba mafita ba ce, don rumbunan ƙasa duk sun cika, kuma su za a fara bincikawa.

Ta sami Finlo a cikin jirgi yana gyaran igiya, ta nuna masa dutsen.

"Yaya, wannan ai ko makaho ya shafa ya gane," ya ce. "Shekara goma sha ɗaya Gwamna Aldcroft yana shan shayinmu, ya san ramin kowa. Yanzu yana son sabon Sarki ya bar shi a kujerarsa, mai neman sabon ubangida kuwa ba ya zuwa hannu rabbana. Zai tsare mu a fada har ruwa ya janye, ya miƙa jirage huɗu a faranti."

"In mun ƙi amsawa fa?"

"Dutsen nan da tsakar rana zai koma dutse kamar kowane dutse. Ki jifi kare da shi."

"Baba bai taɓa ƙin dutse ba."

"Baba bai taɓa ganin an sayar da ƙasa da shi a kai ba."

Ealish ta juya dutsen a tafin hannunta. Ita dama mace ce mai jinkirin magana, tana barin zance ya kwana a kunnenta kafin ta taɓa shi.

Ran Alhamis ta shiga kasuwa. Matan Kione, ƙauyen da ke bayan tsaunin da ya miƙe cikin teku, su ne kan cika bakin kasuwa da kifi da ƙwai. Ran nan sun zo da kwanduna wayam, suna ta sayen gari da gishiri. Ealish ta tsaya kusa da wata dattijuwa da ta sani.

"Inna, yau teku ta yi muku rowa ne?"

"Ina fa. An saye tun a bakin ruwa. Kifi, ƙwai, har kajina biyu masu kwanci."

"Wa ke cin kifin ƙauye guda?"

"Masu yunwa," in ji dattijuwar, ta mai da ido kan mudun gari.

Ealish ta dawo tana lissafin bakuna. Kifin Kione na kwana guda ya ishi maza ɗari. Maza ɗari kuwa ba sa ɓuya a bayan tsauni sai a cikin manyan jirage, irin na Sarki.

Ta wuce kai tsaye wurin Gilrea Teare, maƙwabcinta, wanda suka yi shekara ashirin jirginsa na kwana kusa da nata. Ta gaya masa abin da ta ji. Ya saurara yana cusa taba a lofe, bai ɗago ba sai da ta gama.

"Wa ya aiko ki, Ealish?"

"Kunnena."

"Jiya na ga Faragher ya daɗe a ƙofarki. Ni miƙa mini ya yi ya wuce."

"Ɗan kawuna ne, Gilrea. Gishirina yake zagi."

"To. Jiya dutse, yau kuma kajin Kione. Duk hanya ɗaya suka nufa, mu zauna a tasha kamar agwagi har a zo a kama mu. Gaya wa wanda ya ba ki labarin na gode."

Da ta fito, ita kanta sai da shakka ta kama ta. Wa ya sani ko Gwamna ne ya aika aka saye kifin, don labari ya iso kunnen mai saurare irinta? Mutumin da ya iya zama tsakanin Ubangida da 'yan fasa-ƙwauri shekara goma sha ɗaya bai ɓata da kowa ba, wannan ba zai gagare shi ba. Ta auna ta sake aunawa. A ƙarshe abin da ta tsayar shi ne, ɓarawon da ke fada ta san fuskarsa, ta san yadda yake cin abinci. Na bayan tsauni kuwa ba ta taɓa ganinsa ba.

Juma'a da safe iska ta juya kamar yadda tsofaffi suka ce. Jirage uku suka kwance igiya suka fita ɗaya bayan ɗaya. Finlo ya tsaya yana kallonsu, haƙoransa a cije.

"Yaya, har yanzu akwai ruwa."

"Sa rigarka ta coci. Mu tafi."

Zauren shari'a ba kowa sai Gwamna Aldcroft da magatakardansa da Illiam a bakin ƙofa. Gwamna gajere ne mai jan hanci, kullum kamar mura na shirin kama shi. Ya dubi kujerun da ba kowa, ya dubi su biyun. Ealish ta ajiye dutsen a kan tebur.

Magatakarda ya karanta ƙara. Wai a hunturun da ya wuce, jirgin Ushag ya bugi turken tasha, mallakar Ubangida, ya tsaga shi.

"Ranka ya daɗe," in ji Finlo, "turken nan tun ina yaro yake a tsage."

"An yi ko ba a yi ba, matar Kinrade?" Gwamna ya tambaya, bai ko kalli Finlo ba.

Ealish ta dube shi. Fuskarsa ba ta ba ta komai ba.

"An yi, ranka ya daɗe."

"To, na ƙwace jirgin da duk abin da ke cikinsa, sun zama na Ubangida. Faragher, ɗauki dutsen nan ka ɗaure a jikin jigon jirgin. Magatakarda, rubuta lokaci. Sha ɗaya saura kwata."

Finlo ya yunƙura zai yi magana, Ealish ta riƙe masa hannun riga. A daidai nan aka ji ƙarar igwa daga wajen Kione, sau ɗaya, can kuma aka ƙara. Magatakarda ya ɗaga kai. Gwamna ya fyace hanci, ya ce a kira ƙara ta gaba, alhali ya san babu.

Da ƙararrawar coci ta buga sha biyu aka sauke tsohuwar tuta. Ba a yi kuka ba, ba a yi guɗa ba. Kafin la'asar jiragen Sarki biyu suka shigo tasha, suna jan jiragen nan uku a baya kamar awakin da aka kamo a gonar wani. Jami'in Sarki, wani dogo mai sabuwar hula, ya bi ƙanshin shayi har cikin Ushag. Yana cikin ba da umarnin a fito da kaya ya ga dutse a ɗaure da igiya, ya sa hannu zai tsinke.

"Da ni ne da ban taɓa ba," in ji Gwamna daga kan gaɓa. "Jirgin nan na ƙwace shi tun kafin tsakar rana, yana rubuce. Dukiyar Ubangida ce ta kansa. Sarki mulki ya saya, bai sayi tukwanen gidan mutum ba."

"Da dutse kuke shari'a a nan?"

"Har zuwa yau da tsakar rana. Zo mu ci abinci, ka yi babban kamu, ya kamata a rubuta wa Sarki da kyau."

Suka tafi tare, kafaɗa da kafaɗa, mutanen tasha suna kallo.

Shayin Ushag aka kwashe shi zuwa rumbun fada, ba a ƙara jin labarinsa ba. Jiragen uku aka sa musu zarto a bakin ruwa, kwana biyu ana jin kukansa har cikin gari. Bayan mako uku takarda ta zo daga Ingila cewa Aldcroft ya ci gaba da zama Gwamna. Washegari ya sa aka kira Ealish, wannan karon da baki kawai.

"Ubangida ba shi da abin yi da jirgin kamun kifi," ya ce. "Ki je ki kwance abinki. Kifi kaɗai, kin ji."

"Na ji, ranka ya daɗe." Ta ɗan tsaya. "Ka san jiragen Sarki suna bayan Kione?"

"Dutse huɗu na aika, matar Kinrade. Ɗaya ya dawo."

"Da duka huɗun sun dawo fa?"

Ya juya alƙalami a hannunsa.

"Da na sha wahalar yi wa baƙona bayani," ya ce. "Sauka lafiya."

Ta sauko tana juya amsar, ba ta same ta da gaba ko baya ba.

Jirgi dai ya dawo, amma a tasha ba mai cewa kifin Kione ne ya cece shi, kowa gani yake baki ta haɗa da Gwamna. In ta iso rijiya sai hira ta mutu. Joney, matar Gilrea, wadda ta karɓi haihuwar 'yar Ealish, ta daina amsa gaisuwarta. Ushag na bukatar maza biyar kafin ya ja taru, ga lokacin kifi ya kama, ga maza suna zaune ba jirgi, amma ko ɗaya bai tako ba. Har Finlo, wata safiya suna shimfiɗa taru su biyu, ya ce ba tare da ya dube ta ba:

"Yaya, tsakaninki da Allah, maganar dattijuwar nan ce kaɗai?"

"Ita kaɗai ce."

"To," ya ce, ya ci gaba da aiki. Ba ta san ko ya yarda ba.

Kwana shida jirgin yana ɗaure, kifi na wucewa a bakin tasha har ana ganin ƙyallinsa daga tudu. A na bakwai, ruwa na cikowa, sai ga Gilrea Teare da 'ya'yansa maza biyu. An sako su daga tsare ba su da ko filafili, gida kuwa akwai bakuna tara. Bai yi sallama ba. Ya tsallaka cikin jirgin, ya duba igiyoyi ɗaya ɗaya, ya ɗaga murfin rumbu ya leƙa ciki kamar mai neman wanda ya ɓuya.

"Ba don na yarda da ke ba ne, Ealish."

"Ban ce ka yarda ba. Ku huɗu ne da Finlo, saura ɗaya."

Gilrea ya waiwaya ya dubi mazan da ke zaune a kan gaɓa. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Ealish ta tattare bakin zanenta ta ɗaure a ƙugu, ta sauka cikin jirgin, ta zauna a wurin na biyar.

"Kwance igiya, Finlo," ta ce. "Ruwa ba zai jira mu ba."