Masu Ɗaga Hannun Hagu

Shekara uku Malama Tham tana koyar da Turanci a makarantar bakin kogi, kowace shekara sai an sabunta mata kwantiragi. Bana aka ce sufeto zai zo daga gunduma ya kalli darasinta, kuma abin da ya gani shi zai sa a riƙe ta ko a sallame ta.

Malama Ngat, wadda ta kusa ritaya, ta ja ta gefe a ɗakin malamai.

"Ƙanwata, daƙiƙan ajin nan naki ki ce su yi zamansu a gida ranar. Ciwon ciki ba ya ƙarewa a garin nan."

"Yaya, da wane bakin zan gaya wa yaro kada ya zo makaranta?"

"To, mai tausayi. Sai ki yi dabarar ɗaga hannu. In kin yi tambaya kowa ya ɗaga. Wanda ya sani dama, wanda bai sani ba hagu. Duk haka muka tsallake."

Tham ta ɗauki shawara ta biyu. Darasin na kwatance ne: yadda ake cewa wannan ya fi wancan, ko daidai suke, ko sun bambanta. Ta zana ɓaunar da ake huɗa da ita a yankin da tarakta, kwalekwale da babur, ta yi ta maimaitawa da yaran har suka haddace.

Ranar, sufeto Malam Kiet ya zauna a bayan aji tare da shugaban makaranta, an ajiye musu shayi. Komai ya tafi daidai. Duk tambayar da ta yi, hannuwa sun tashi gaba ɗaya, ita kuma tana zaɓa daga na dama. Ɓauna ta fi tarakta araha. Babur ya fi kwalekwale gudu, amma ba ya ƙetare ruwa.

Can Malam Kiet ya ajiye kofinsa, ya miƙe.

"Malama, bari ni ma in ɗan taɓa." Ya yi tambaya da Turanci a kan kogi da teku, hannuwa suka tashi. Ya nuna wata yarinya a kusa da taga. "Ke, 'yata."

Duyen ce, wadda har yanzu take haɗa harufa da ƙyar. Ta miƙe, ta harɗe hannuwa a ƙirji kamar yadda ake yi gaban manya.

"Malam, ai ni hagu na ɗaga."

"To, sai me?"

"Masu hagu ba a kiranmu."

Wani a baya ya tuntsire da dariya, ya toshe baki. Sauran hannuwan suka sauka ɗaya bayan ɗaya. Malam Kiet ya ce ta zauna, ya koma kujerarsa. Tham ta ƙarasa darasin tana kallon allo.

A ofis, bayan an raka sufeto jirgin ruwa, shugaban makaranta bai ɗaga murya ba.

"Ba a ce miki ki bar daƙiƙan a gida ba? Kin zubar mana da mutunci gaban gunduma. Ƙarshen zango ki nemi wani wurin."

Washegari da safe Tham ta tarar da mahaifiyar Duyen a bakin aji, da takalmin roba na aikin tafkin kiwon jatan lande, ta riƙo yarinyar a wuyan hannu. Idanun Duyen sun kumbura.

"Malama, ki yafe mana. 'Yar nan ba ta da kai, ga bakin tsiya. Ubanta ya zane ta jiya. Ke, ba ki da baki yanzu? Jiya ai kin iya magana!"

Duyen ta sunkuya. "Malama, na yi laifi. Ba zan ƙara ba."

"Goggo, ba laifinta ba ne," in ji Tham. "Gaskiya ta..."

"A'a, Malama, kada ki kare ta, sai ta lalace." Matar ta miƙo ƙunshin busasshen jatan lande da hannu biyu. "Na gidanmu ne. In kin ƙi karɓa, mun san ba ki huce ba."

Yara sun cika tagogi suna kallo. Tham ta sa hannu biyu ta karɓa, ta yi godiya. Matar ta tura Duyen cikin aji, ta juya da sauri don kada kwalekwale ya tafi ya bar ta.